Aikina ya tsaya wata bakwai, har yau Inna ba ta sani ba

Ga saƙon da yas shigo min makon ga, na ɗan rage shi kuma na cire duk abin da zai sa a gane mai shi:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 42, mata ɗaya da ɗiya ukku, muna haya a unguwar Bado nan Sakkwato. Shekara tara ina aiki da wata ƙungiyar agaji a ɓangaren lafiya, ni ke haɗa bayanai da rubuta rahoto. Da Amurka tat tsaida tallafi anka kira mu anka ba mu takardar sallama, yau wata bakwai ke nan. Matata ta sani amma Inna ba ta sani ba, 'yan majalisarmu ma ba su sani ba. Kullum da safe sai in yi wanka in sa kaya in ɗauki mota in fita awa mai zuwa ofis, in je shagon wani abokina in zauna ina tura takardun neman aiki har la'asar. Ɗan abin da na aje ya kusa ƙarewa, haya saura wata biyu, kuɗɗin makarantar yara na zangon ga ban biya ba. Matata ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, tana kuma yin kunun aya da zoɓo, yanzu kusan ita ke cefane, kuma wallahi duk sadda tam miƙo min kuɗɗi sai in ji raina ya ɓaci, kwanan nan har tsawa na yi mata gaban yara kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗan kawuna da ke harkar albasa a Ramin Kura ya ce in zo mu yi tare, kuma gidanmu na cikin gari akwai ɗaki biyu da babu kowa. Amma Anti da wane ido za ni koma cikin gari in shiga kasuwa bayan kowa ya san ni da ofis? Ina tunanin in ci bashi in sabunta haya in ƙara jira ko wani aikin zai fito. Bacci ma ya ƙaurace min. Mi za ni yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah shi sanyaya maka, shi musanya maka da abin da yaf fi alheri. Na san 'yan kaɗan ɗin da sunka san halin da kake ciki sun riga sun cika maka kunne da su "sai haƙuri" da su "in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take". Duk gaskiya ne amma mai gida ba ya karɓar karin magana a madadin kuɗɗin haya, don haka bari mu yi maganar da ta shafi aljihu da cikin ɗaki.

Da farko ka cire ma ranka cewa kai ne kay yi wani laifi. Ran 20 ga Janairun 2025 Trump yas sa hannu a takardar tsaida tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kuma abin bai tsaya nan ba, zuwa farkon Yuli hukumar USAID ɗin kanta, wadda ke raba tallafin Amurka, anka rufe ta anka maida ɗan abin da yar rage ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajensu. Sakkwato kuwa na cikin jihohin da ayyukan ga sunka yi yawa, na zazzaɓin cizon sauro, na lafiyar mata masu juna biyu da jarirai, na karatun yara 'yan firamare, to ka ga ba kai kaɗai ba ne, direbobi, masu gadi, masu shigar da bayanai, har masu otal ɗin da ake yin bita cikinsu da matan da ke dafa abincin bitar duk abin ya taɓa su. Mutum yana zaune Washinton ya ja biro, tukunya ta sauka a Bado. Na faɗi wanga ne don yadda kake ɓoye maganar sai mutum shi zaci da sata anka kama ka, alhali kai da abokan aikinka duk rana guda anka ba ku takarda.

Yanzu mu zo kan motar nan da kake fita da ita kullum. Tun 29 ga Mayun 2023 da anka cire tallafin mai lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, ƙarshen 2024 har ta haura dubu. Kai da lissafi ne sana'arka, ka ɗauki biro daren yau ka rubuta man da kake ƙonawa daga Bado zuwa shagon abokinka da dawowa, da wanki da guga na kayan da ba wanda yat tilasta maka sa su, da abincin rana a waje, da ɗan abin da kake miƙa ma duk wanda yat tare ka a hanya don yana ganin har yanzu kai mai albashi ne kuma ba ka iya ce mishi babu, ka ninka da wata bakwai. Ina kyautata zaton abin da zai fito zai ba ka haushi in ka aje shi kusa da kuɗɗin makarantar da kac ce ba ka biya ba. Abin da nike son ka gani ke nan. Tsayawar aikin albashi tac ci maka, ɓoyon kuma yana cin abin da yar rage, kuɗɗin, baccin, har da zaman lafiyarka da matarka. Na farkon ba ka da ta cewa a kansa, na biyun kuwa gobe da safe kana iya tsaida shi.

Kuma don Allah Sakkwato ce fa, ba Legas ba. Ofishin da anka kulle anka kwashe motocinsa, mai gadin yana da dangi, direban yana da majalisa, matar wani abokin aikinka ta je biki ta ba da labari. Kada ka yi mamaki in rabin waɗanda kake ma ɓoyo sun daɗe da sani, kawaici kawai suke maka suna jiran ka buɗe baki da kanka.

Inna ce farkon wadda za ka gaya ma, kuma cikin makon ga. Ka je bayan isha'i sadda gida yay yi shiru, ba lokacin da jikoki da maƙwabta ke shige da fice ba, ka zauna ƙasa kusa da ita ka ce Inna aikin nan namu ya tsaya tun watanni, ba ni kaɗai ba duk anka sallame mu, ban gaya miki ba don kada hankalinki shi tashi, yanzu na zo ki sa min albarka ga abin da nike shirin yi. Shi ke nan, ba sai ka yi doguwar lacca ba. In tana da hawan jini ka fara gaya ma yayarka ko wata gwaggo da take jin maganarta ku shiga tare. Za ta ji ba daɗi, ƙila ta yi kuka, ƙila ma ta yi maka faɗan mis sa sai yanzu, ka yi shiru ka sha. Amma ka tuna muddin ba ta sani ba ita ce ke turo maka mutane, wance za ta aurar da ɗiya, wane an kwantar da shi asibiti, a je wurin ɗana mai aikin Turawa, kai kuma kana ciro abin da ba ka da shi don kada ta gane. Ranar da tas sani ita da kanta za ta tare maka wannan ƙofar, tsofaffin nan sun fi mu iya sallamar mutum ba tare da ya ji haushi ba. In ko a bakin wata tat tsinci labarin wurin suna, to ciwon da za ta ji ya fi na rashin aikin.

Maganar cin bashi a sabunta haya kuwa, a'a, ban goyi baya ba ko kaɗan. Bashi ana cinsa ne in akwai ranar da mutum yas san kuɗɗi za su shigo, kai kuma abin da ke hannunka fata ce, ba rana ba. Guraben irin aikinku sun ragu kuma duk waɗanda anka sallama daga nan har Maiduguri su ne ke rububin 'yan kaɗan ɗin da ke fitowa, wasu da digiri biyu wasu da shekara ashirin a aikin. Ban ce ka daina nema ba, ka ci gaba, amma aikin awa biyu ne da dare ko bayan asuba a wayarka, bai kai a ba shi yini sukutum da tankin mai ba. Manhajojin bashin nan na waya kuwa ko kusa, ruwan da suke ɗorawa daban, kuma ran da kam makara su ne za su bi lambobin da ke wayarka suna tura ma surukanka da limamin unguwarku saƙo, asirin da kake ta kashe kuɗɗi kana rufewa su tona shi a minti biyar.

Akwai dai wasu kuɗɗi naka na halas da ban ji ka ambata ba. In ƙungiyarku tana cire maka fansho, wanda galibi manyan ƙungiyoyin nan suna yi, kashi 8 daga albashinka su kuma su ɗora 10, to dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, yar rasa aiki kuma yay yi wata huɗu bai samu wani ba, shi cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Kai ka yi bakwai. Ka je ofishin kamfanin fanshonka da takardar sallama da takardar haihuwa ko ta shedar shekaru da lambar NIN da hoto da bayanan asusun banki, su za su gaya maka in akwai sauran abin da ake buƙata, su tura ma PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, ta amince. Yana ɗaukar lokaci don haka ka fara yanzu. Sai dai ka sani sau ɗaya ake cin wannan damar kuma daga abincin tsufanka ake gutsurowa, saboda haka ba kuɗɗin da za a zuba ma haya a Bado ba ne don a ci gaba da nuna ma duniya komi lafiya. Ka biya bashin makaranta, sauran ka riƙe su gam har mu zo maganar albasa.

Komawa gidan gado. Kai abin da kake hange shi ne idon mutane ranar da motar kaya za ta tsaya ƙofar gida, wannan kuwa maganar mako guda ce, wani abin zai faru a unguwa a manta da kai. Garin nan ma da ƙaura anka kafa shi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana dab da shekara hamsin yab bar Degel zuwa Gudu a 1804, daga baya Gwandu, Sifawa, bai zauna Sakkwato ba sai 1815, ba wai ina haɗa ka da shi ba ne, ina dai cewa kwashe kaya a sake wuri bai taɓa zama abin kunya ga mutanen nan ba. Wadda ƙaurar za ta fi ci ita ce matarka. Kai da safe za ka fice, ita ce za ta bar gidan da take ita kaɗai da kicin ɗinta da makewayinta, ta koma inda za ta raba tsakar gida da uwar miji da matan 'yan'uwanka, a ga mi tad dafa, a ga wa yaz zo wurinta, a ga ƙarfe nawa tad dawo daga makaranta. Don haka ba umurni za ka kai mata ba, shawara za ku yi, ka aje mata lissafin gaba ɗaya ta gani da idonta. In ta yarda ku sa wa'adi, misali shekara guda sannan a sake dubawa, kuma tun kafin ku shiga ka yi magana da Inna cewa tukunyarku daban, don yawancin rigimar gidan yawa daga murhu take farawa. Ka duba wutar gidan ma, kunun aya ba ya yini babu sanyi, in babu inda za ta jona firij to ka kashe mata sana'a ke nan ba ka sani ba. In kuma ta ce ba ta iyawa, kada ka ɗauka raini ne, ta fi ka sanin abin da take tsoro, sai ku nemi ɗaki biyu a unguwar da haya tafi sauƙi kusa da makarantar da take koyarwa.

Tunda mun zo kanta bari in tsaya nan in yi maka faɗa kaɗan a matsayina na yayarka. Matar nan wata bakwai tana riƙe maka sirri, ba ta gaya ma uwarta ba balle ƙawaye, tana kallonka kana fesa turare kana fita ta san babu inda za ka kuma ba ta taɓa yi maka gori ba, in da ta yi da ka rubuto. Ta tashi da asuba ta jiƙa aya ta kai niƙa ta tace ta ɗura a robobi, ta je ta tsaya gaban allo tana fama da ɗiyan mutane a albashin makarantar kuɗi da kowa ya san yadda yake, ta dawo ta miƙo maka abin da tas samu. Sakamakonta tsawa gaban ɗiyanta. Na gane fa, ba ita kake jin haushi ba, hannunka da ke karɓa kake jin haushi, kuma ita ce mafi kusa shi ya sa abin ke sauka kanta. Amma ita ba ta cikin zuciyarka, abin da take ji kawai shi ne na yi ƙoƙari an hantare ni, kuma mace in tag ga alherinta yana jawo mata wulaƙanci a hankali za ta koyi ɓoye shi, ranar da kuma taf fara ɓoye maka kuɗɗi an buɗe wani babin da ya fi wanga wuyar rufewa.

Ka ba ta haƙuri, da baki, ba da sayo mata tsire ka yi shiru ba. Tunda gaban yara kay yi to su ma su ji ka ce Mamanku ba ta yi laifi ba ranar nan, raina ne a ɓace. Babu abin da zai ragu a girmanka. Sannan ku zauna ku fayyace matsayin kuɗɗin da take kashewa, don a shari'a ciyarwa a wuyanka take, abin da tas samu nata ne, in ta sa a gida alheri ne ba wajibi ba. Ka tambaye ta kai tsaye, wanga kyauta ce ko rance, in rance ne ku rubuta a littafi ka biya in Allah ya buɗa, in kyauta ce ka ce na gode Allah shi saka. Za ka ga nauyin da kake ji ya ragu don abin ya samu suna, ba kullum kana karɓa kana sunkuyar da kai ba. Kuma ba a kanku farau ba, Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud mai sana'ar hannu ce kuma mijinta ba mai wadata ba ne, ta aika aka tambayi Annabi (SAW) ko sadakarta ga mijinta da marayun da ke hannunta ta isar, amsar da anka ba ta ita ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ɗan Mas'ud fa, wanda ake ɗaukar karatun Alƙur'ani a bakinsa. Wani abu kuma, tunda yanzu ita ke fita da sassafe, kai yaran makaranta da ɗauko su da duba musu aikin gida ya dawo kanka, ba taimaka mata kake ba, gidanka ne.

To sai albasa. Ni dai ban ga abin kunya ba, kuma in kana son gaskiya akwai mutane a Ramin Kura masu riga duk ƙura da abin da suke lodawa a mota guda ya fi albashinka na shekara. Abdurrahman ɗan Aufu da yaz zo Madina hannu rabbana, Sa'adu ɗan Rabi'u yay yi mishi tayin rabin dukiyarsa, shi ko yac ce a nuna mishi hanyar kasuwa kawai, ya dawo da ɗan cuku da man shanu, sauran labarin ka san shi tun kana Islamiyya. Amma kada daɗin ƙissa ya sa ka shiga da ka, don albasa ba ta da mutunci ga baƙo. Ga yadda abin yake a taƙaice, lokacin da ta rani ke fitowa daga fadamun Goronyo, Wurno, Gada, Kware da Aliero ta Kabi, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, kasuwa na cika farashi shi faɗi, masu jari su saya su adana, in damina ta yi nisa zuwa ƙarshen shekara kaya su yi ƙaranci farashi shi tashi. A baki riba ce tsabarta. A aikace kuwa albasa na ruɓewa tana tsiro tana raguwa a ajiya, buhun da kaz zuba ba shi za ka kwasa ba, in danshi ya shiga ko an ciro ta ba ta gama bushewa ba sai ka yi kuka da idonka. In kuma lodi ake zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ko Anaca ko Fatakwal, ga kuɗɗin mota ga na shingaye ga lalacewar mota a hanya kaya na dahuwa cikin zafi, ga rikici, ka tuna a 2021 sai da ƙungiyar 'yan albasa tat tsaida kai kaya kudu na wani lokaci saboda wawashe musu motoci da anka yi. Ta arewa ma haka, iyakar Illela da Ƙonni da anka rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ba a buɗe ba sai Maris 2024, 'yan kasuwa da yawa sun ji a jikinsu. Ga kuma halin da wasu hanyoyin gabashin jihar ke ciki, ba ko wane ƙauye ake shiga sayen kaya don an ji araha ba.

Don haka shawarata kada ka sa ko sisi a kakar farko. Ka je a matsayin mai koyo, ka ce ma ɗan kawunka ka zo da abin da ka iya. Shekara tara kana bin diddigin lambobi kana gano inda rahoto bai daidaita ba, mafi yawan 'yan kasuwarmu kuwa lissafinsu a ka yake da guntun takarda cikin aljihu, wa anka ba bashi a Legas, buhu nawa anka loda nawa sunka isa, nawa dillali yac ci la'ada, nawa ke fita a ɗan dako da buhu da igiya, sau da yawa sai ƙarshen kaka mutum shi ga kuɗɗi ba su cika ba bai san ta ina sunka zube ba. Ka riƙe mishi wanga da kwamfutarka ko ma wayarka, ka bi tiransifa ɗin da ke shigowa, cikin wata biyu ukku za ka san kasuwar ta hanyar da wanda yas shekara goma yana ɗaga buhu bai sani ba. Amma ka shiga da ladabi, kada ka je kana musu Turanci kana gyara ma dattawa zance, a can kai ne ɗan aji ɗaya, ka bari su koya maka gane busasshiyar albasa da ido da hannu. Kuma ka sa kayan da ba ka jin tausayinsu.

Abu guda da ba na son ka yi ma kawaici shi ne sharaɗi. "Zo mu yi tare" ba magana ba ce, albashi ne, kaso ne cikin riba, ko la'ada kan ko wane buhu? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka tambaya tun yanzu da fuska a sake. In lokaci ya yi da za ka sa jari shi juya, wato ƙiradi, a faɗi kason kowa cikin riba tun farko, kuma ka san cewa in asara ta zo ba da sakacinsa ba jarinka ne ke ɗauka shi kuma wahalarsa ta tafi a banza, haka hukuncin yake. A rubuta, a sa shedu biyu. In wani yac ce haba tsakanin 'yan'uwa har da rubutu, ka ce mishi ayar da tafi ko wace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi tas sauka. Zumunci nawa munka gani ya mutu a garin ga kan kuɗɗin da ba a rubuta ba, iyaye su rasu ɗiya su gaji gaba.

Yara kuma ka gaya musu daidai hankalinsu, Baba ya canza aiki, za mu rage wasu abubuwa, ba wanda yay yi laifi. Sun riga sun ji canjin a muryarka. Ka je makarantarsu da ƙafarka ka ga mai makarantar ka nemi a raba maka biya kafin a koro su gaban 'yan ajinsu, yawanci suna saurarar uban da yaz zo da kansa fiye da wanda ke ɓuya. In dole sai an canza musu makaranta a bari ƙarshen zango, kuma kada a haɗa musu canjin gida da na boko da na Islamiyya duk a wata guda in da hali, a bar musu ko guda ɗaya da sunka saba.

Rashin baccin nan kada ka raina shi. Ka tsaya kemis ko asibitin unguwa a gwada maka jini, shekara 42 da damuwa da zafin Sakkwato ba abin wasa ba ne. Ka rage shayin dare da latsa waya kan gado kana duba ko an amsa maka imel. Ina sa ran in ka sauke kayan ɓoyon nan kuma jikinka ya fara gajiya ta gaske a kasuwa baccin zai dawo da kansa. In ko an ɗauki makonni bai dawo ba, abinci ya fita ranka, ba ka son ganin kowa, ko ka fara jin gara ma ba ka duniyar, to wanga ya wuce shawarar Anti, ka je asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ka ga likita a ranar, kuma ka gaya ma matarka. Na san da an ce Kware sai mutane su ɗaure fuska, amma ba sai wanda ke yawo a bola ke zuwa can ba, ciwon damuwa ciwo ne da ake magani ana warkewa, addu'a da magani kuma ba sa faɗa da juna.

'Yan majalisa ba sai ka tara su ka yi sanarwa ba. Ran da wani yac ce ya ofis, ka ce ai ofis ya tashi tun tuni yanzu ina Ramin Kura wurin ɗan kawuna, ka ci gaba da shan shayinka. Za a samu mai ɗan murmushin mugunta, za a samu wanda zai rage kiranka, ka bar su. Amma cikinsu akwai wanda yayansa ke neman mai riƙe mishi lissafin kamfani ko wanda yaj ji ana neman mai haɗa bayanai a wani wuri, wata bakwai bai gaya maka ba don a saninsa kana da aiki.

Motar kuma ka aje ta ka rufe, ka hau kabu-kabu ko Keke Napep zuwa kasuwa, dama ba wurin kai mota mai sheƙi ba ne. Kada ka yi saurin saida ta cikin watan ga, dillalai na jin ƙamshin matsuwa daga nesa kuma za su taya ta a wulaƙance. Ka riƙa tada ta lokaci lokaci don batir, ka bari kuɗɗin fanshon su fito ka ga inda kat tsaya da maganar gida, in ya kama a saida to a saida don jari bayan ka gama kakarka ta koyo, ba don cefane ba.